Gashin Awaza Ranar Walima: Ina Mafi Kyawun Naman Yake Zuwa?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore mana dabbobin ni'ima, muna shan nononsu, muna cin namansu, muna noma da ƙarfinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako muna so mu yi magana ne a kan gashin nama. Watakila wani ya ce, me ya kawo zancen tukuba da garwashi cikin filin addini? Amsa ita ce, babu wani babban taro na Musulmi a ƙasar nan da ba a zubar da jinin dabba dominsa. Ga layya, ga suna, ga walimar aure, ga saukar Alƙur'ani, ga tarbar alhazai. Ko wanne daga cikinsu ana yanka, ana gashi, ana rabo. Abin da ya shiga rayuwarmu har haka kuwa, ba zai yiwu a ce shari'a ba ta da magana a kansa ba. Maganarmu kashi biyu ce, yadda ake gasa mafi kyawun yankin nama har ya yi kyau, da kuma inda ya kamata wannan yanki ya tafi bayan an sauke shi daga wuta. Na biyun ya fi na farko nauyi, amma dai sai an bi ta na farko.

Yankin Da Ake Ji Da Shi

Mu mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ba baƙin dabba ba ne. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma ya ga yadda kara take cika da shanu da tumaki da awaki, ya san arzikin wannan yanki a kan ƙafa huɗu yake tafiya. Tun muna yara mun san sunan kowane yanki na sa, da cinya da karfata da ƙirji da tozo da gadon baya da kayan ciki, mun kuma san wanda ake jefa wa yara da wanda ake ɓoyewa a ɗaka.

Wanda ake ɓoyewa ɗin shi ne awaza, watau haƙarƙari tare da tsokar gadon baya da take kwance a bisansa. Sa yana da ƙasusuwan haƙarƙari 13 a kowane gefe. Mahauta na ƙasar Amurka sun ware guda 7 daga ciki, daga na 6 zuwa na 12, suka mai da su yanki guda mai tsada, wanda sukan gasa ɗungurungum a manyan bukukuwansu irin su Kirsimeti. Mahautanmu ba su yi karatun wannan lissafi ba, amma hannunsu ya san wurin. Dalilin taushinsa a fili yake. Tsokar cinya da ta wuya kullum cikin aiki suke, tafiya da ja da ɗaukar kai, saboda haka jijiya ta yi musu yawa. Ita kuwa tsokar gadon baya ba ta wahala sosai, ga kitse ya ratsa ta, ga ƙashi ya tokare ta. In wuta ta taɓa ta a hankali, sai kitsen ya narke ya jiƙa naman daga ciki.

Sai dai a lura da abu guda. Shanunmu, ko bunaji ko rahaji ko gudali, dabbobin tafiya ne, kuma yawancin kitsensu a tozo da cikin ciki yake taruwa. San da ya sha yawon kiwo, ko wanda ya tsufa yana jan garma, awazarsa ba za ta yi taushin ta wanda aka turke a gida ba. Mai son gashi ya nemi sa na turka, wanda ya yi watanni yana cin harawa da dusa da kowa, ya dubi kitsen ya ga fari ne mai kauri, ya dubi tsokar ya ga ja ce mai sheƙi. In abin da ya samu mai tauri ne, to ya naɗe shi cikin ganyen gwanda na 'yan sa'o'i, domin akwai wani sinadari a cikin gwanda da yake sassauta nama. Wannan ya fi jefa ƙwayar magani cikin tukunya, abin da waɗansu suke yi don gaggawa, alhali kuwa cutar da mutane ne, shari'a kuma ta hana cutarwa.

Kyan Gashi Daga Yanka Yake Farawa

Imam Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da a kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankawa. Malamanmu suka ƙara bayani, kada a wasa wuƙa a gaban dabba, kada a yanka wata tana kallo, kada a ja ta da ƙafa zuwa mayanka, kada a fara fiɗa sai rai ya gama fita. Abin mamaki, masana kiwon dabbobi na wannan zamani sun tabbatar da cewa dabbar da aka gajiyar, aka firgita kafin yanka, namanta yakan yi duhu, ya yi saurin lalacewa. Ashe tausayin da addini ya wajabta, har a baki ana jin amfaninsa.

Bayan fiɗa sai rataya. Nama yakan sandare bayan 'yan sa'o'i da yanka, sa'an nan daga baya ya saki. Wanda ya ɗora shi bisa wuta yana cikin sandarewar nan, igiya zai tauna. Wannan ita ce hikimar iyayenmu da suke rataye naman layya ya kwana ya tsane, sai washegari a sa masa wuƙa. Amma hikimar tana da sharaɗi. Da hunturu iska tana taimako. Da bazara ko damina kuwa, lalle ne a cire kayan ciki nan take, a rataye shi a inuwa mai iska, a shafa gishiri, a kare shi daga ƙuda, ko a sa shi cikin firiji in akwai wuta. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai sun bi wata hanya, sukan buɗe ragunan layya a tsire su a kan sanduna, a jera su kewaye da babbar wuta tun rana har dare, sa'an nan a yi rabo washegari. Ko wacce aka bi, manufa ɗaya ce, kada amanar da aka zubar da jini dominta ta ruɓe a hannunmu.

Muna kuma jan kunne game da babbaka da tsohuwar taya ko roba. Hayaƙin nan guba ne, yana kama fata da nama. Kara da itace sun wadatar.

Darasin Wani Tsohon Mahauci

Sa'ad da muka dawo daga karatu muka zauna koyarwa, shekara ta farko da ɗalibanmu suka yi sauka, iyayensu suka haɗa kuɗi aka sayi sa. Aka ɗauko mana wani dattijo daga Kurfi, wanda ya gaji fawa kaka da kakanni, don ya tsaya a kan gashin. Allah Ya jiƙansa, ya riga mu gidan gaskiya. Abin da muka gani a hannunsa shi ne za mu faɗa, domin har yau ba mu ga wanda ya fi shi ba.

Da fari ya yanke ƙashi huɗu a haɗe, bai raba su ba, bai kuma kankare kitsen da ke bisa ba, sai dai ya tsattsaga shi kaɗan da bakin wuƙa. Ya shafe shi da gishiri tun dare, kamar ƙaramin cokali ɗaya ga kowane kilo, da dakakkiyar tafarnuwa da citta da masoro da ɗan kanumfari. Lokacin sanyi ne, saboda haka ya rufe shi ya bar shi ya kwana. Da asuba ya hura itacen ƙirya, ya zauna yana jan carbi har harshen wuta ya mutu, saura jan garwashi. Ya ja garwashin gefe guda, ya kafa naman a ɗaya gefen, ƙashi yana fuskantar wuta, kitse yana bisa. Ya sa tafin hannunsa daidai inda naman yake, ya ƙirga har goma kafin zafi ya sa ya janye, sa'an nan ya ce wuta ta yi.

Muka ce masa, "Baba, baƙi fa za su fara isowa da hantsi, ba a ƙara wuta ba?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, harshen wuta maƙaryaci ne. Yakan ƙone baya ya bar ciki ɗanye. Garwashi shi ne mai gaskiya. Ku je ku yi karatunku, ni ma ina nawa."

Ya kusa sa'a huɗu yana kansa. Ba ya soka masa wuƙa, ba ya yawan juya shi, sai dai ya ɗan karkata shi, ya shafa man gyaɗa da ruwan albasa in ya ga gefe yana bushewa. Yajin ƙuli-ƙuli kuwa bai bari ya kusanci wuta ba sai a ƙarshe, domin in an sa shi da wuri ƙonewa yake yi ya kawo ɗaci. Da ya ga ƙashi ya fara fitowa daga tsoka, sai ya matso da shi kan garwashi sosai na ɗan lokaci, har bayansa ya yi ja ya yi ƙamshi. Ya sauke, ya rufe shi da faranti, ya hana kowa taɓawa har wajen rabin sa'a. Ya ce naman da aka yanka da zafinsa, romonsa a kan katako yake ƙarewa, wanda aka bari ya huta kuwa romonsa yana cikinsa. Daga nan ya zare ƙasusuwan, ya yanka tsokar a gicciye, ba bin tsawon zarenta ba.

Wanda yake da tanda ta gas ko ta lantarki, hanyar ita ce dai wannan, ƙaramar wuta mai tsawo, babbar wuta ta ɗan lokaci a ƙarshe, sa'an nan hutu. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, balle awaza.

Jan Ruwan Da Ke Cikin Nama

Sau da yawa akan tambaye mu game da jan ruwan da yake fitowa in an yanka gasasshen nama, ko jini ne, ko ya halatta. Jinin da Alƙur'ani ya haramta, kamar yadda aka bayyana a Suratul An'ami aya ta 145, shi ne mai kwarara, wanda yake zuba lokacin yanka. Abin da ya saura cikin tsoka da jijiyoyi bayan an yi yanka na shari'a, malamai sun ce ba shi da laifi. Daɗin daɗawa, masana sun nuna cewa yawancin jan ruwan nan ba jini ba ne, ruwan tsoka ne da wani sinadari mai ba nama launinsa. Ta fuskar halal ke nan. Ta fuskar lafiya kuwa, Turawa da yawa suna son tsakiyar naman da sauran ja, amma dabbobinsu sun bi ta hannun likitoci, sun kuma kwana cikin sanyi tun daga mayanka. Mu da muke yanka a ƙofar gida, gara mu bari ya nuna har ciki, domin tsila ta cikin ɗanyen naman shanu take shiga mutum. Mai ma'aunin zafi na girki ya tabbata tsakiyar naman ta kai 63 a ma'aunin Salsiyas ko fiye. Wanda ba shi da shi ya duba kusa da ƙashi, can ne wuta take isa a ƙarshe.

Gashin Annabi Ibrahim

To, nama ya nuna. Yanzu sai babbar tambaya, gaban wa za a ajiye shi?

Gashi mafi shahara a tarihi Alƙur'ani ya ba da labarinsa a wuri biyu, Suratu Hudu aya ta 69, da Suratuz Zariyati daga aya ta 24 zuwa ta 27. Baƙi suka sauka wa Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bai san su ba, bai san mala'iku ne ba. A sura ɗaya aka siffanta abin da ya kawo musu da ɗan maraƙi mai ƙiba, a ɗayar aka siffanta shi da gasasshe, irin wanda Larabawa suke gasawa a kan duwatsu masu zafi. Malaman tafsiri sun tsamo ladubba da yawa daga wannan ƙissa. Ya sulale zuwa ga iyalinsa ba tare da ya tambayi baƙin ko suna jin yunwa ba, don kada kunya ta sa su ce a'a. Bai daɗe ba. Ya zaɓi mafi kyawun abin da ya mallaka. Ya kawo da kansa bai aiko bara ba. Ya matsa da shi gabansu, bai ce su taso su zo ba. Sa'an nan ya yi musu tayi da lallausan harshe.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, duk wannan hidima an yi ta ne domin mutanen da mai gida bai san sunansu ba, bai san danginsu ba, ba ya kuma tsammanin za su rama masa. Da ya san manya ne, da sai mu ce girmansu ya duba.

Yadda Muke Yi A Yau

Mu kuwa yaya rabonmu yake? Kowa ya san tsarin, ko da ba a rubuta shi ba. Cinya ta surukai ce. Awaza da gadon baya na mai gida ne da manyan baƙinsa. Hanta da ƙoda a kai wa wane, domin ranar da ya yi nasa yankan ya aiko mana. Abin da ya rage, huhu da tumbi da ƙashi da guntun ganda, shi ne ake tarawa a tsohon kwano a ce na almajirai ne da mabarata. Nama mai kyau sama yake hawa, daga gidan mai hali zuwa gidan mai hali, har ka ga gida guda an tara cinya biyar, maƙwabcinsa kuwa sai ƙamshi.

Ba mu ce kyauta ga surukai da abokai laifi ba ne. Sada zumunci ibada ce, girmama manya kuma tarbiyya ce. Abin da muke tsoro shi ne a mai da rabon Allah ya zama juji. Suratul Baƙara aya ta 267 ta hana mu nufin mummunan abu mu ce shi za mu ciyar, abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. Tirmizi ya ruwaito daga Barra'u ɗan Azibu cewa ayar ta sauka ne a kan masu kawo busasshen dabino marar kyau su rataye a masallaci domin matalautan Suffa. Da aya ta 92 ta Suratu Ali Imrana ta sauka, wadda ta ɗaure samun nagarta da ciyar da abin da ake so, Abu Ɗalha bai nemi wata gona ta bayan gari ba, gonar Bairuha'a ya bayar, wadda ta fi soyuwa gare shi. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Huraira cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta.

Mun halarci wata walima a 'yan shekarun nan, ba za mu faɗi gida ko unguwa ba. An yanka sa biyu. Aka shigo da awaza gasasshiya cikin babban faranti, aka wuce da ita ɗakin da aka keɓe wa mutum bai fi goma ba, waɗanda yawancinsu likita ya riga ya hana su cin kitse. Suka ɗan taɓa, aka mayar da saura. Da muka fito, sai muka tarar da mata da yara a gindin katanga suna jiran a zubo musu ƙasusuwa. A cikinsu muka gane wani dattijo daga wani ƙauye na yamma da mu, wanda a da in malamai suka sauka garinsu shi yake kama rago ya yanka musu. Ɓarayin daji sun kore masa shanu, sun ƙone rumbunsa, ya shigo gari da iyalinsa. Bai miƙa hannu ba, bai ce komai ba, ya dai gaishe mu ya sunkuyar da kai.

Wannan dattijo ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda yake zaune a Dutsin-Ma ko Kurfi ya san abin da ya sami ƙauyukan da suke maƙwabtaka da dajin Rugu, ta wajen Safana da Batsari da Ɗanmusa. A shekarar 2021 abin ya kai har gwamnatin Jihar Katsina ta dakatar da cinikin dabbobi na wani lokaci a kasuwanni da dama, har da ta Dutsin-Ma, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomin da suka haɗa da Dutsin-Ma da Kurfi. Bayan janye tallafin man fetur a 2023 kuma tsadar abinci ta ƙara hawa. Saboda haka mabukacin yau ba lalle ne ya zo da ƙoƙon bara ba. Suratul Hajji aya ta 36 ta ambaci iri biyu da za a ciyar, mai roƙo da wanda ya kame bakinsa. Na biyun nan sai an neme shi, domin shi kunya ta hana shi zuwa, kuma shi ne ya yi yawa a cikinmu yanzu.

Abin Da Shari'a Ta Shimfiɗa

A mazhabar Imam Malik, wadda muka tashi a cikinta muna karanta Risala da Muhtasar, an so mai layya ya haɗa abu uku, ya ci, ya yi sadaka, ya yi kyauta, ba tare da an ƙayyade masa yawan ko wanne ba. Waɗansu malamai na sauran mazhabobi sun so a kasa uku. Ba a sayar da kome daga cikinta, ko nama ko fata, ba a kuma biyan mahauci ladansa da naman, kamar yadda Manzon Allah ya umurci Sayyidina Aliyu. Rashin ƙayyadewar nan ba rangwame ba ne ga marowaci, amana ce aka bar wa zuciya, domin a shekarar wadata kaɗan ya isa, a shekarar tsanani kuwa kashi ɗaya cikin uku ma ya yi kaɗan. Hujja a kan haka ita ce, akwai shekarar da Manzon Allah ya hana ajiye naman layya fiye da kwana uku, saboda matalautan ƙauye da suka kwararo Madina, da hali ya sauya kuma ya ba da izni a ci a ajiye. Mai tuwon suya a cikin garwa har watan Safar, ya dubi unguwarsa ya tambayi kansa, wace irin shekara muke ciki?

Game da ragon suna, Muhtasar ya bayyana cewa an ƙi a mai da shi walimar da ake tara mutane dominta. Abin da aka fi so shi ne a ci a gida, a aika wa maƙwabta da mabukata. Walimar aure kuwa sunna ce, amma gwargwadon hali. Manzon Allah ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da da akuya guda. Shi da kansa ya yi walimar Nana Zainab da akuya, mutane suka ƙoshi da gurasa da nama, ya kuma yi ta Nana Safiyya da dabino da cuku da man shanu, babu nama ko tsoka ɗaya. Saboda haka wanda ya ci bashi, ko ya sayar da hatsin da iyalinsa za su ci da damina, don a ce ya kayar da sa, bai bi sunna ba, bakin mutane ya bi. Ko a shekarar 2025 Sarkin Maroko Muhammadu na Shida ya roƙi jama'arsa su bar yanka layya a wannan shekara, saboda fari ya rage musu dabbobi, tsada kuma ta yi yawa. Wanda ba shi da iko, ya shiga watanda da 'yan'uwansa don yara su ci nama, ya san dai watanda ba layya ba ce, kuma babu zunubi a kansa.

Shawara

Ga abin da muka ɗauka a makarantarmu duk ranar sauka, muna kuma ba 'yan'uwa shawara su gwada. Kafin a ɗora nama a wuta, a zauna a rubuta gidaje, na marayu, na matan da aka kashe wa maza, na waɗanda suka baro ƙauyukansu, na tsofaffin da ba su da mai kawo musu. Awazar da aka fi wahala a kanta, a raba ta biyu tun tana kan katako. Rabi ya tafi waɗannan gidaje da zafinsa, cikin kwano mai murfi irin wanda za a kai wa suruki, a hannun babban mutum ba yaro ba, a yi sallama a ce ga tayi daga gidan wane. Rabin da ya rage a ajiye shi a tsakiyar tabarma, mai rawani da mai tsumma su sa hannu a faranti guda. Ƙashi da kai da ƙafa kuwa a yi romo mai yawa, domin Manzon Allah ya yi wa Abu Zarri wasiyya ya yawaita ruwan romonsa ya tuna da maƙwabta.

An san Manzon Allah yana son karfata. Duk da haka Tirmizi ya ruwaito cewa wata rana an yanka akuya a gidansa aka rabar, ya tambayi Nana A'isha abin da ya saura, ta gaya masa babu sai karfata, shi kuwa ya nuna mata cewa duk abin da aka bayar shi ne ya saura, karfatar da aka riƙe ita ce mai ƙarewa. Wannan shi ne lissafin da ya kamata mai walima ya yi. Sa'a huɗu a gaban garwashi, da kuɗin sa, da kuɗin itace da kayan yaji, in duk a cikin mutum goma masu ƙoshi za su ƙare, to kafin la'asar an gama da su. Suratul Hajji aya ta 37 ta riga ta sanar da mu cewa nama da jini ba su ne suke isa ga Allah ba, taƙawa ce take isa.

Allah Ya karɓi yankanmu da sadakarmu, Ya tsare mu daga riya da rowa da almubazzaranci. Allah Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu cikin aminci, Ya mayar musu da fiye da abin da suka rasa, Ya zaunar da Dutsin-Ma da Kurfi da Jihar Katsina da ƙasarmu baki ɗaya lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.